Yadda A Biyu Suka Sa Ni Rigar Ghana

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a falona na Madinat Khalifa ba, ranar da aka raba min katin da ya fi kowane kati a wasan, na kuma tashi daga tabarmar nan ina neman ramin da zan shige. Har yau in na shiga taron 'yan Arewa a Doha sai wani ya taɓa hularsa yana murmushi. Su taɓa. Ni dai ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi, tun da kowa ya riga ya ba da nasa.

Ni injiniya ne, ɗan Funtua, aikina duba ingancin gine-gine a Lusail. Lokacin da korona ta shigo, matata Rukayya ta kai yara gida ganin dangi, aka rufe hanya tana can. Kamfaninmu ya kwashe mu da aikinmu ba ya tsayawa ya zuba mu a wani tsohon gida a Bin Omran, mu tara, daga wurin aiki sai gida, daga gida sai wurin aiki, kowa da takunkumi a fuska. A gidan nan na san Baba Fuseini.

Baba Fuseini shi ne direban bas ɗin da ke kai mu Lusail. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya doshi sittin, gemunsa fari tas, maganarsa ba ta wuce cikin cokali. Hausarsa irin tasu ce ta can, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, kowa "ya tafi" ne. Shi ya riƙe mu da abinci a watannin kullen nan, wake da shinkafa irin nasu mai ja, da baƙin yajin da suke kira shito. (Na yi ƙiba a lokacin da duniya ke ramewa, ku riƙe wannan a matsayin shaidar hannunsa.)

Wani abokin aikinmu ɗan Filifin ne ya fito da karta wata rana da zaman ya ishe mu, ya ce zai koya mana wasan da ake kira foka. Baba Fuseini ya ce in da kuɗi a ciki ko kallo ba zai yi ba, shi bai baro Kumasi don ya zo ƙasar Larabawa ya koyi caca ba. Sai muka koma ga abin da ya fi yawa a gidan, ƙwallon dabino. Aka wanke, aka shanya, aka raba wa kowa ɗari a kwano.

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi da wuya. Ana ba kowa kati biyu a rufe, shi kaɗai ya san abin da ya riƙe. Sannan a buɗe guda biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Ka haɗa naka da na tsakiya, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe abin da aka zuba. Biyu iri ɗaya abin kirki ne, amma uku iri ɗaya sun fi su. Katin da ya fi girma shi ne mai harafin A, ko sarki yana ƙasansa. A kowane mataki kana iya zuba ƙwallaye, kana iya ƙarawa a kan na wani, kana iya ajiye katinka ka tsira da abin da ya rage maka. In kuma zuciya ta ɗebe ka, ka tura kwanonka gaba ɗaya. A gidanmu mai yin haka cewa yake "khalas", wato magana ta ƙare, ko ka biyo shi da duk abin da kake da shi ko ka janye.

Sauran mutane sun ɗauki abin a matsayin rage lokaci. Ni kuwa karatu na mayar da shi. Na nemo littattafai a waya, na zana jadawalin wane kati ke cin wane sau nawa, na manna a jikin firji. Duk wanda ya yi wasan da bai yi min ba sai na tsayar da rabo na yi masa bayani. Suka sa min suna Farfesa, ni kuma na ɗauka yabo ne. Baba Fuseini bai taɓa duba jadawalin nan ba sai in zai ɗauko ruwan sanyi. Zama yake kamar dutse, ya ajiye kati, ya ajiye kati, sai can ya shigo sau ɗaya ya yi wa mutum ƙarƙaf.

Da aka buɗe gari, Rukayya ta dawo, kowa ya koma gidansa, amma wasan bai mutu ba. Ya koma falona duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci abinci. Ɗan Filifin ya koma ƙasarsu, sai Dokta Sani, wani likita ɗan Gombe, ya maye gurbinsa. Rukayya ta faɗa min tun ranar farko cewa karta karta ce ko da tsakuwa ake yi. Duk da haka ita ke dafa mana shayin karak, ita kuma ke tara mana ƙwallon dabino a gwangwanin madara.

Ana nan sai Ghana ta fitar da Najeriya daga zuwa gasar cin kofin duniya. Ku duba fa: gasar nan a ƙofar gidana za a yi ta, babban filin ma a Lusail yake, kullum ta gabansa muke wucewa, shekara da shekaru ina jiran in ga kore da fari a ciki. Baba Fuseini bai yi min dariya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Kullum da safe in na hau bas sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce in ina sha'awar kallon ƙwallo kada in ji nauyi, su za su buga a unguwarmu. Wata takwas yana min haka.

Haushin nan ne ya sa na rubuta dogon saƙo a zauren wayarmu na 'yan Arewa mazauna Doha, mutum sun fi ɗari a ciki, likitoci da malaman jami'a da ma'aikatan gas. Na ce duk ɗan Najeriyar da ya sa rigar Ghana da sunan kishin Afirka ɗan bi yarima a sha kiɗa ne, ni dai ko gawata ba za a gani cikin rigar nan ba. Na sa sunana a ƙasa, kamar ba a ganin lambata.

Juma'ar da nake ba ku labari, Ghana ta sha kashi a wasanta na farko jiya-jiya, don haka bakina ya buɗe. Baba Fuseini ya zo da leda a hannu. Ya ce yana da tikiti biyu na wasansu da Koriya ranar Litinin, ɗan ƙanensa da ya saya wa bai samu zuwa ba, ga tikitin ga rigar da ya tanadar masa, in ina so kyauta ya ba ni. Mutumin kirki da ya yi godiya ya karɓi tikitin ya bar rigar. Ni sai na ce a'a, mu bar karta ta raba mu. In na cinye masa ƙwallayensa, zai je filin da koriyar hulata mai tutar Najeriya, ya zauna tsakiyar 'yan'uwansa da ita. In shi ya cinye nawa, in sa rigar, in kuma ɗaukar musu ganga daga tashar jirgin ƙasa har cikin fili. (Gangar ma ni na ƙara. Ba wanda ya tambaye ni.) Dokta Sani ya ce tun da ba kuɗi a ciki shi shaida ne. Baba Fuseini ya ce to, Allah ya ba mai rabo.

Kafin la'asar ƙwallayen Dokta suka ƙare, ya koma mai raba mana kati. Muka rage mu biyu, kwanonsa ya ɗan fi nawa nauyi kaɗan. Dokta ya miƙo min kati biyu. Na ɗaga kusurwar na farko, A. Na ɗaga ta biyu, A.

Wanda bai taɓa wasan ba ba zai gane abin da na ji ba. Babu wani kati biyu a duniya da ya fi wannan. Sai ka yi rabo sama da ɗari biyu kafin ya zo maka sau ɗaya, ga shi ya zo min a ranar da na fi bukatarsa. Na daure fuska, na zuba ashirin kamar ba na so. Baba Fuseini ya duba nasa, ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin, ya sa hannu biyu ya turo kwanonsa tsakiyar tabarma.

"Khalas," ya ce.

To, a nan nake so masu dariya su saurara da kyau. In kana riƙe da A biyu aka turo maka duka, babu tunani. Babu littafin da zai ce ka janye, babu malamin lissafin da zai ce ka janye. Ko me mutumin ya riƙe, kai ne a gaba. Abin da ake yi shi ne ka ce na biyo, ka buɗe katinka nan take, ka yi shiru. Rabin farko na yi shi daidai, kuma har gobe ina kan bakana.

Sai dai ban ce na biyo nan take ba. Na jingina da kujera na yi tagumi kamar mai shawarar aure. Na tambayi Dokta ƙarfe nawa. Na ƙara shayi, na busa, na kurɓa. Na tambayi Baba Fuseini ko ya tabbata, don ni ba na son a ce na zalunci dattijo a gidana. Ya ce ya tabbata. Daga nan na ɗaga murya na kira Rukayya daga kicin, na ce ta zo da waya ta ɗauki abin da zai faru, don tarihi. Ta fito tana goge hannu, ta ce Baban Hanifa, ka bari a gama mana. Na ce ai an gama, ita dai ta ɗauka, kuma da zarar an tashi ta tura zauren 'yan Arewa, kada ta yanke ko daƙiƙa ɗaya.

Da na ga jar fitilar waya ta kama, na tura kwanona, na ɗaga katin nan biyu sama na nuna wa waya kafin in nuna wa abokin wasana. Baba Fuseini ya buɗe nasa a hankali: tara da tara. Na juya ga waya na yi wa jama'ar Doha bayani cewa a irin wannan haɗuwa mai A biyu ke ci sau huɗu cikin biyar, wannan ba sa'a ba ce, ilimi ne, kuma bambancin wanda ya yi karatu da wanda ke bin zuciya kenan.

Dokta ya buɗe ukun farko: sarki, biyar, biyu. Babu tara. Ya buɗe na huɗu: bakwai. Babu tara.

Nan ne shaiɗan ya kama ni da kyau. Na miƙe, na shiga ɗaki, na ɗauko koriyar hular. Na zo na tsaya a kan Baba Fuseini, mutumin da ya isa ya haife ni, wanda ya ciyar da ni wata da watanni lokacin da ba ni da kowa a garin nan. Na sa hannu na cire masa farar hularsa ta Juma'a, na ajiye a kan kujera, na kafa masa tawa, har da gyara mata zama. Bai motsa ba. Dokta ya ce a hankali, Injiniya, saura kati ɗaya fa. Na ce na sani, kati arba'in da huɗu suka rage, biyu kacal ne a cikinsu za su cece shi, ya buɗe kawai mu yi sallah.

Ya buɗe. Tara.

Kun san irin shirun da ake yi in liman ya yi mantuwa a karatu, kowa na jiran wani ya gyara? Shi ya sauka a falon. Na tsaya ina kallon katin nan kamar in na daɗe zai koma shida. Abin da ake ji kawai shi ne numfashin Rukayya a bayan waya, tana danne dariya har hoton na rawa.

Baba Fuseini ya cire koriyar hular, ya karkaɗe ta, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ɗauki tasa ya mayar.

"Injiniya, lissafinka daidai ne," ya ce. "Sau huɗu naka. Ni ne na biyar ɗin."

Sannan ya juya wajen Rukayya ya tambaya ko Madam ya ɗauka duka. Ta ce Madam ya ɗauka, Baba, har ya tura. Na ce mata don me ta yi haka, ta ce ita umarnin mijinta ta bi, kuma ba ta yanke ko daƙiƙa ɗaya ba.

Kafin magariba wayata ta yi zafi. Wani ya ɗauko tsohon saƙona na gawa da riga ya manna a ƙarƙashin bidiyon. Wani malamin jami'a ya rubuta cewa ya nuna wa ɗalibansa a matsayin darasi. Duk wannan na shanye, ina ba kowa amsa ɗaya bayan ɗaya cewa shawarar da na yanke daidai ce, sakamako ne ya saɓa, kuma wanda bai san bambancin biyun ba kada ya yi min magana.

Washegari da safe sai ga kiran Hajiyarmu daga Funtua. Yadda bidiyon ya tsallake teku ya isa hannunta, Allah kaɗai ya sani (ina zargin ƙanwata, ta rantse, ban yarda ba). Na ɗauka da shirin kare kaina a kan karta, na tanadi hujjar ƙwallon dabino. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Wane ne dattijon da ka cire wa hula?"

Na fara bayanin cewa wasa ne, abokina ne, akwai yarjejeniya. Ta ce ba ta tambaye ni yarjejeniya ba. Ta ce mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa sa hannu a kan wanda ya girme shi ba, ita kuma ba ta san ta haifi ɗan da zai je ƙasar mutane da digiri biyu ya tuɓe wa mai furfura hula a gaban matarsa ba. Ta ce in tashi yanzu in je inda yake, in kira ta in ba shi wayar.

Wannan kam ban yi gardama ba. Na tuƙa zuwa Bin Omran, inda har lokacin yake zaune, na same shi yana wanke bas a ƙofar gida. Na durƙusa a gefen taya, da kayan aikina da komai, na miƙa masa waya. Na ji Hajiya tana ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifin. Shi kuma yana cewa ba komai, Hajiya, yaronka mutumin kirki ne, zafin ƙwallo ne kawai. Da ta zo kan karta ya rantse mata ko sisi ba a taɓa sawa ba, ƙwallon dabino ne. Ta ce to su ci dabinon su zubar da ƙwallon kamar sauran Musulmi. Bayan sun gama na ce Baba, ka yafe min. Ya ce ya yafe tun jiya, amma maganar riga tana nan.

Ranar Litinin na sa ta. Ɗan ƙanen nasa ashe siriri ne, rigar ta kama ni kamar fatar ganga, baƙin tauraron Ghana ya baje a kan tumbina. Aka rataya min ganga, muka shiga jirgin ƙasa ni da mutanen Zango wajen ashirin, suna waƙa suna kirana Farfesa. A tasha ta biyu wasu 'yan zaurenmu uku suka shigo, kamar an aiko su. Suka zaro wayoyi. Ban sunkuyar da kai ba. Na gyara tsayuwa na ce su ɗauka da kyau, su rubuta a ƙasa cewa ga ɗan Funtua da ya yi alkawari ya cika, in akwai wanda ya taɓa biyo khalas a cikinsu ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Wani Bature da ke kusa da ni ya tambayi abin da ya faru, na ba shi labarin A biyu da tara biyu, ya dafa kafaɗata ya ce shi ma da biyowa zai yi. Na sa ya maimaita a gaban wayoyin.

A cikin fili na yi niyyar zama kamar gunki. Ghana ta ci biyu, ban motsa ba. Koriya ta rama biyun, na ɗan ji wani abu a ƙirjina, na ce yunwa ce. Da Ghana ta jefa ta uku, ban san lokacin da na tsinci kaina rungume da Baba Fuseini ina dukan ganga da tafin hannu ba. Wannan ma an ɗauka. Matsayina a kai shi ne Afirka na yi wa murna, kuma ba zan ƙara bayani ba.

Har yanzu muna wasanmu duk Juma'a, Hajiya dai ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta kawar da kai. Dokta Sani kan tsokane ni ya ce da na ajiye katin nan da duk wannan bai same ni ba. Ni kuma in ce masa ya je ya duba marasa lafiyarsa. Ajiye A biyu? Ko sau goma tara za ta fito, sau goma zan biyo.

Abin da na koya dai ba ya cikin jadawalin da na manna a firji. In Allah ya ba ka katin da ya fi na kowa, ka biyo nan take, ka zauna daram, ka kama bakinka, ka bar hular mutane a kansu har sai an buɗe kati na biyar. In an buɗe ma, ka bar ta.